Fashin Salla Ba Fashin Rayuwa Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mace da namiji, kuma ya fi kowa sanin abin da ya halitta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana, ba don komai ba sai don kunya irin tamu ta 'ya'yan Hausawa, waɗanda ko sunan abin ba ma iya kamawa, sai dai mu ce baƙon wata ko fashin salla. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne tunawa da yabon da Uwar Muminai Nana A'isha (R.A) ta yi wa matan Ansar, cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addininsu ba. Sannan ga tambayar da ƙanwata ta jefo mini, wadda ta hana ni sakat.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, mai son tsallen igiya kamar me. Kullum bayan la'asar za ka ji ƙarar igiyarta a tsakar gida. Wata rana na lura kwana huɗu ban ji ba, na leƙa ɗaki na same ta a dunƙule kan katifa, ta rufa da zane, rana tsaka. Na ce lafiya? Ta daɗe tana wasa da bakin zanen kafin ta ce, "Yaya, wai da gaske ne haramun ne mace ta yi tsalle ko gudu idan tana fashin salla? An ce mahaifa juyawa take yi, kuma an ce mutum ba shi da tsarki, gara ya zauna wuri ɗaya."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin ni ma da wannan karatun na tashi. A makarantar kwana, duk wata sai in yi kwana biyar ina jan ƙafa tsakanin aji da gado, ina jin kaina kamar wadda aka kora daga cikin mutane na ɗan lokaci. Ba na wasa, ba na zikiri, ba na ko son a yi mini magana. Ban taɓa tambayar kowa ba ko wannan zaman addini ne ya ɗora mini shi, ko kuwa ni na ɗora wa kaina.

Tambayar yarinyar nan tambaya biyu ce a cakuɗe, ɗaya ta malamai, ɗaya ta likitoci. Yawancin ruɗanin da muke ciki daga cakuɗa su ya samo asali, sai a ɗauki camfi a sa masa rawani a kira shi hukunci.

Ta fuskar shari'a maganar ba ta da tsawo. Duk wadda ta zauna a Islamiyya ta karanta Ahalari ta san abubuwan da haila ke hanawa ƙididdigaggu ne: salla, da azumi, da ɗawafi, da taɓa Mus'hafi, da shiga masallaci, da saduwar aure. Azumi za ta rama, salla ba za ta rama ba. A mazhabarmu ta Malikiyya har karatun Alƙur'ani da ka an halatta mata. Ki sake duba jerin nan, 'yar uwa, ki nemo mini tafiya, ko gudu, ko tsalle, ko wanka, ko wanke kai, ko girki. Babu su. Kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu cewa al'amuran rayuwa asalinsu halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Wanda ya ce haramun, shi ne zai kawo dalili.

Maganar rashin tsarki kuwa, Manzon Allah (S.A.W) ya warware ta da kansa. Imam Muslim ya ruwaito cewa ya nemi Nana A'isha ta miƙo masa 'yar tabarmar salla, ta ce tana haila, ya nuna mata cewa hailar ba a hannunta take ba. Takan taje masa kai yana i'itikafi, yakan kishingiɗa a cinyarta ya karanta Alƙur'ani, takan sha ruwa ta miƙa masa ya sa bakinsa a daidai inda ta sa nata, duk tana cikin wannan hali. Anas ɗan Malik (R.A) ya ba da labarin cewa Yahudawan Madina idan mace tana haila ba sa cin abinci tare da ita, ba sa zama ɗaki ɗaya da ita. Da sahabbai suka yi tambaya sai aya ta 222 ta Suratul Baƙara ta sauka, Annabi (S.A.W) ya bayyana musu cewa saduwa kaɗai aka hana. Ashe ke nan keɓe mai haila a lungu al'ada ce da Musulunci ya zo ya tarar, ya kuma rushe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hajjin Bankwana, a shekara ta 10 bayan hijira. Ayari ya taso daga Madina, bai yi nisa ba, a Zul Hulaifa, sai Asma'u 'yar Umais, matar Sayyidina Abubakar (R.A), ta haifi ɗanta Muhammadu. Ta aika tana tambayar yadda za ta yi. Ba a ce ta koma gida ba. An umarce ta ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ɗauki harami, ta bi ayari. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400 cikin sahara, a bisa raƙuma. Da aka isa Sarif, dab da Makka, sai haila ta zo wa Nana A'isha. Annabi (S.A.W) ya shigo ya same ta tana kuka, ya lallashe ta da cewa wannan abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata, ya ce ta aikata duk abin da mahajjaci ke aikatawa, ban da ɗawafi, har sai ta yi tsarki. Duk wadda ta taɓa sauke farali, ko ta ji labari daga bakin hajiyoyin gidansu, ta san abin da ake nufi da ayyukan mahajjaci: fita Mina, tsayuwar Arfa, kwanan Muzdalifa, cunkoso da rana da ƙura. Haka nan Ummu Aɗiyya (R.A) ta ce an umarce su su fito da masu haila ranar Idi, su nisanci wurin sallar, amma su halarci alheri da addu'ar Musulmi. Addinin da ya ce mai haila ta fito Idi, ta tsaya Arfa, da wuya a ce shi ne ya hana ta zagaya tsakar gidansu.

Sai dai a yi adalci. Waɗannan hadisai halacci suke nunawa. Ba su ce motsa jiki maganin ciwon mara ba ne, kuma ba na son in sa wa hadisi abin da bai faɗa ba, kamar yadda wasu ke yi idan suna son kambama wani magani. Wannan ɓangaren na likitoci ne.

Abin da suka gano shi ne, mahaifa tsoka ce. Idan wata ya zagayo babu ciki, shimfiɗar da ta yi wa ɗan tayi sai ta saɓule, jiki ya saki wani sinadari da ake kira furostagilandin, wanda ke sa tsokar ta riƙa matsewa don ta turo abin waje. Idan sinadarin ya yi yawa, matsewar sai ta yi tsanani har ta rage jinin da ke isa ga tsokar kanta, daga nan murɗar mara take. Shi ne kuma ke kawo tashin zuciya da gudawa da ciwon baya da wasunmu ke sha a ranar farko da ta biyu. Mahaifar kuwa a ɗaure take da jijiyoyi cikin ƙugu, tsallen igiya ba ya juya ta. A 2002 Baturiyar Ingila Paula Radcliffe ta kafa tarihin duniya a tseren kilomita 42 na birnin Shikago, cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 18, daga baya ta bayyana cewa da murɗar mara ta ƙarasa tseren. Ban kawo ta don ƙanwata ta yi koyi da ita ba, na kawo ta ne don a san jikin mace ba ƙwai ba ne.

A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci tana tacewa, ta duba gwaje-gwaje 12 da aka yi a kan mata 854. Ta ga alamar cewa motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, yana rage zafin ciwon mara da kimanin kashi 25 a ma'aunin da ke da kashi 100, ko motsin mai sauƙi ne irin miƙe gaɓoɓi, ko mai sa haki. Su da kansu sun ce ingancin gwaje-gwajen bai kai yadda ake so ba, don haka ba zan rantse a kai ba. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi: matan nan sun yi makonni ne suna motsa jikin, ba ranar da ciwo ya turnuƙe su suka fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ke son sauƙi a ranar farko, tun tana cikin tsarki za ta fara.

Yanzu ga abin da ni na fahimta da kaina, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Mace Musulma mai kiyaye salla tana da wani tsari a yininta wanda ba ta ma san tana da shi ba sai ranar da aka ɗauke shi. Sau biyar take tashi daga inda take, ta taɓa ruwa, ta miƙe tsaye, ta sunkuya, ta kai goshi ƙasa. Farilla kaɗai raka'a 17 ce, ruku'u 17, sujada 34, ban da nafila. Asuba ce ke tashinta, isha'i ce ke rufe mata yini. Ranar da baƙon wata ya sauka, duk wannan sai ya tsaya cak lokaci guda. Ba tashin asuba, ba alwala, ba sunkuyo, sau da yawa ma ba ambaton Allah, domin a wurin yawancinmu zikiri a jikin sallama yake rataye, idan babu salla shi ma ya tafi. Sai yini ya zama dogon zane marar ɗinki: barci har hantsi, waya a hannu, kwanciya, ƙunci. Sannan mu ce haila ce ta kawo mana baƙin rai. Gaskiya ne sauyin sinadaran jiki na taɓa zuciya, yana kawo saurin fushi da kuka babu dalili da kumburin ciki, ba na musun wannan. Amma ina da yaƙinin cewa wani kaso na nauyin da nake ji a waɗancan kwanaki na makaranta, rashin motsi ne da rashin zikiri suka haɗu suka danne ni.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin a zo a gani ba ne. Idan ladan ya kira salla, ina amsa masa, domin ba a hana ni ba. Sai in tashi daga inda nake. Da asuba in yi azkar ɗin safiya ina zagaya tsakar gida kafin rana ta yi zafi. Da azahar, lokacin da mara ta fi damuna, in durƙusa in kwantar da ƙirjina kan cinyoyina in miƙa hannuwa gaba, ko in kwanta rigingine in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ina numfashi a hankali. Bayan la'asar in sa hijabina in taka da sassarfa zuwa gidan goggona in dawo, tafiyar kamar minti 30, ina salati a hanya. Ba salla nake kwaikwaya ba, kuma ban ce wannan tsari sunna ne ba, kada wani ya ɗora mini abin da ban faɗa ba. Akwai malaman Hanafiyya da suka so mai haila ta yi alwala a lokacin kowace salla ta zauna a wurin sallarta tana tasbihi don kada sabo ya yanke, wasu malaman kuma ba su ga dalilin hakan ba. Ni ban shiga wannan saɓani ba. Lokutan kawai na riƙe, don kada yinina ya watse.

Wadda ta saba da abin da ya fi wannan ƙarfi, kamar gudu ko igiya ko ƙwallo a filin makarantar 'yan mata, ta ci gaba gwargwadon yadda jikinta ya ba ta, ta rage a ranar da jini ya fi zuba idan ta ga dama. Ta sa audugar mata sabuwa kafin ta fara, ta canza bayan ta gama, ta yi wanka. Wankan nan da ake tsoratar da mu a kansa babu abin da yake yi sai alheri, musamman da ruwa mai ɗumi. A watannin bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, a nemi sanyin safiya ko na yamma, a sha ruwa sosai.

To amma kada a juya maganata ta zama bulala. Na san gidajen da ake hana yarinya tsalle saboda wai mahaifarta, amma a gidan ne za a tashe ta ta yi daka, ta jawo ruwa a rijiya, ta wanke tulin kaya a sunkuye, tana cije leɓe, idan ta ce mararta a ce raki ne, wai su waye ba su yi ba. Wasan da zai faranta mata rai an hana, wahalar da za ta amfani gida an halatta. Wannan son kai ne. Allah da ya halicce ta ya ɗauke mata salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, ya jinkirta mata azumi. Idan Mahalicci ya sassauta, wane ne mahaluƙin da zai tsananta? Ranar da jiki ya ce a kwanta, a kwanta, babu laifi ko kaɗan. A zuba ruwan zafi a gora a naɗe da tsumma a ɗora a mara. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2001 ya nuna ɗumi mai ɗorewa a kan mara ya yi aiki daidai da ƙwayar ibufurofen. Shayin citta ma yana taimaka wa wasu.

Shan magani kuma ba raunin imani ba ne, Annabi (S.A.W) ya yi umarni da neman magani. Ibufurofen da danginsa suna rage wancan sinadari ne tun daga tushe, shi ya sa suka fi aiki idan an sha da zarar ciwon ya fara, bayan an ci abinci. Amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da wasu masu asma, ba nasu ba ne sai da izinin likita. Kuma ina roƙon 'yan uwana mata da mu bar ɗabi'ar nan ta zuwa kemis a haɗo mana ƙwayoyi kala uku kala huɗu a ƙulle a leda, mu watsa a baki ba mu san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa dangi ɗaya ne aka tara, su taru su ƙone ciki.

Akwai kuma ciwon da ba na gora da citta ba ne, kuma a nan ne kalmar haƙuri ta fi cutar da mu. Gaskiya ne hadisi ya tabbata cewa babu wata gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. Wannan bushara ce ga mai ciwo, ba a ce kada ya je asibiti ba. Idan ciwo yana hana ki makaranta ko aiki duk wata, ko yana sa ki suma, ko yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ko magani ya daina taɓa shi. Idan jini yana wuce kwana bakwai, ko yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko yana fita guda-guda manya, to ki nemi likitar mata. Akwai cutar da ake kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma mata kan yi shekaru suna fama kafin a gano ta, saboda kowa na ce musu haka abin yake. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata. Amsar da aka saba ba 'yan mata, wai idan kin yi aure zai daina, ta sa da yawa sun shiga ɗakin miji da cutar da tuni ya kamata a ce an fara yi mata magani. Matan sahabbai ba haka suka yi ba. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish da Hamnatu 'yar Jahsh (R.A) sun je gaban Annabi (S.A.W) sun faɗi yadda jini ke zubar musu ba ƙaƙƙautawa, daga tambayarsu aka sami hukuncin istihala da muke karantawa a yau. Haka nan wadda hailarta ta ɗauke wata uku babu ciki, musamman mai tsananta motsa jiki tana ƙin cin abinci don ta rame, ita ma ta ga likita.

Sai batun ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Wadda ke haki daga hawa 'yar matakala, ko jiri ke ɗibarta idan ta miƙe, kafin ta ɗauki igiya ta fara zuwa a auna jininta. A ci zogale da alayyafo da wake da hanta gwargwadon hali, a kuma raba shan baƙin shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. A nan dole in ambaci abin da ke faruwa a watan Ramadan: yarinya tana zubar da jini, an ɗauke mata azumi, amma ta wuni ba ci ba sha don kada yayyenta maza ko mahaifinta su gane. Wata har alwalar ƙarya take yi ta tsaya a sahu. Azumin nan bai inganta ba, sai ta rama shi, yunwar ta tashi a banza, sallar kuwa haramun ce a kanta.

Ku kuma 'yan uwana maza da kuka daure kuka karanto har nan, rabonku a ciki kaɗan ne, kuma mai sauƙi. Idan ka ga ƙanwarka ba ta tashi salla ba, ko ka ga tana kurɓar ruwa da rana a Ramadan, ka kau da kai, kada ka yi mata tambayar da ka riga ka san amsarta. Idan matarka ce, ka tuna wanda ya sami matarsa tana kuka a Sarif, da irin lafazin da ya yi mata. Idan ta ce a kai ta asibiti, ka kai ta.

Ƙanwata dai na ce ta tashi ta wanke fuska, na dafa mata citta, na ba ta gorar ruwan zafi. Ranar ba ta yi tsalle ba, mun dai taka tare zuwa bakin layi mun dawo, tana tambayata labarin Asma'u 'yar Umais, wai da gaske da jaririn aka tafi. Washegari bayan la'asar ina ɗaki na ji ƙarar igiya a tsakar gida, a hankali da farko, tana yi tana tsayawa. Inna ta leƙo daga madafa ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube ni, na dube ta, sai ta ce a dai yi a hankali kada a zubar mata da tsakin da ta shanya.

Wallahu a'alam.